dotchart, lattice ko ggplot2: wanne za ka ɗauka don zanen ɗigo a R?

Idan alƙalumanka a kashe suke rukuni-rukuni, zanen ɗigo irin na masanin ƙididdiga William Cleveland ya fi zanen sanduna sauƙin karantawa, domin ido na bin layi ɗaya ne ya tarar da ɗigon. A R, manhajar nazarin alƙaluma, hanyoyi uku ne a gabanka, duka kyauta. Abin da za su ci maka shi ne lokaci.

Mafi sauri ita ce dotchart, wadda ke zuwa da R tun daga girkawa. Rubuta `dotchart(VADeaths)` ka gani: adadin mace-mace cikin kowane mutum 1000 a jihar Virginia ta Amurka a 1940, rukunin shekaru biyar, an raba su maza da mata, na birni da na ƙauye. Layi ɗaya tak, aiki ya fito. Sai dai ba ta jera maka daga babba zuwa ƙarami, kai za ka yi da hannunka, kuma da rabon ya haura mataki ɗaya sai ta fara ba ka wahala.

A nan lattice ta Deepayan Sarkar ta yi zarra, kuma ina ganin mutane ba sa ba ta haƙƙinta. Ita ma tana zuwa da R, babu batun saukewa. Gwada ta da bayanan amfanin sha'ir na jihar Minnesota ta Amurka: iri 10, gonaki 6, shekarun 1931 da 1932. Da `dotplot(variety ~ yield | site, groups = year, data = barley)` kowace gona za ta samu akwatinta, kowace shekara da launinta. Ka tsaya a akwatin gonar Morris. A sauran gonaki biyar amfanin 1931 ne a gaba, amma a Morris 1932 ce ta fi. A irin wannan zanen Cleveland ya hango haka, har ya yi zargin an musanya shekarun ne. A cikin tebur da wuya ido ya kama shi.

Ita kuwa ggplot2 ta Hadley Wickham sai ka sauke ta, kuma tana son kowane ma'auni a layinsa cikin teburin bayanai. In zanen na rahoto ne da za a yi ta gyara launi da rubutu, ita zan ba ka shawara: geom_point don zana ɗigo, sai facet_wrap don raba rukunai. Amma ka kula da geom_dotplot. Sunan na ruɗin masu koyo, alhali tara ɗigo take bisa juna don nuna yadda alƙaluma suka bazu, wani zane ne daban da na Cleveland.