Kafin ka sayi firinta 3D don buga farfelar injin iska

Yanzu ɗaliban injiniya da yawa in lokacin furojet ya zo sai ka ji sun ce injin iska mai samar da wutar lantarki za su haɗa, su buga farfelar da firinta 3D, wato na'urar da ke ƙera abu da roba. Abu ne mai kyau wallahi, amma na ga yadda mutum ke zuba kuɗinsa duka a kan firinta ya mance da robar da zai sa mata, alhali robar ce ke kashe aikin.

Firintocin da za ka ci karo da su iri biyu ne. Akwai mai narka zaren roba tana shimfiɗa shi layi bisa layi, ita ake kira FDM, sai mai amfani da ruwan rezin da haske ke daskarar da shi, irin su Elegoo Mars. Ta rezin ɗin aikinta sumul ne kamar gilashi, amma cikinta ƙarami ne kuma abin da ta fitar yana da saurin karyewa, ga wari ga wanki da sinadari. Don farfela kam ka bar ta kawai.

A FDM ɗin, Ender 3 ta kamfanin Creality ita ce ta talaka, faɗin aikinta milimita 220 da 220, tsayi 250, kayan gyaranta ba sa wuyar samu, sai dai tana son mai haƙuri da zai zauna yana daidaita farantin da take bugawa a kai da hannu. Bambu Lab A1 ta ɗan fi ta girma, 256 ta kowane ɓangare, ita ke daidaita kanta kuma ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma aljihu zai ji a jikinsa. Kowacce ka ɗauka dai ka tabbata tana iya ci gaba daga inda ta tsaya in an ɗauke wuta, gara ma ka jona ta da inbata, don farfela ɗaya za ta iya cin yini guda ana bugawa, a ɗauke wuta saura kaɗan a gama toh sai dai ka yi salati.

Sai maganar roba. PLA ita kowa ke fara saya saboda araha da sauƙin bugawa, matsalarta tana fara laushi tun wajen digiri 60. Na taɓa barin wata baƙar farfela ta PLA a kan kwano a watan Afrilu, kafin la'asar ta lanƙwashe kamar ganyen ayaba, ranar na yi dariyar takaici. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ba ta saurin tsagewa, kuma Ender 3 ma tana buga ta. ABS da ASA sun fi su jure zafi, wajen digiri 100, ASA kuma rana ba ta cin ta da wuri, sai dai duk biyun suna son firinta mai rufi kamar akwati, in iska ta taɓa su ana bugawa sai gefe ya ɗage daga faranti, ga hayaƙi da bai kamata ka shaƙa a ɗakin kwana ba. Ni dai PETG fara nake ba mutum shawara, baƙa tana jan zafi. Da damina ka ɗaure zaren robar a leda don yana shan danshi, da hunturu kuma ka lulluɓe firintar saboda ƙura.

Wani abin da masu saya ba sa lissafawa shi ne girma. Wutar da iska ke bayarwa tana bin faɗin da farfela ke sharewa, kuma in gudun iska ya ninka biyu ƙarfinta sau takwas yake ninkawa. Ko injin ya kai ƙarshen kyau ba zai kama fiye da kashi 59.3 cikin 100 na ƙarfin iskar ba, lissafin masanin kimiyya Albert Betz na Jamus ke nan. Ka ga farfela mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu ta gwaji ce a gaban malami, ƙila ta kunna ƙwan LED, kar ka sa ran firij. Manyan injinan iska na Lambar Rimi a Katsina guda 37 ne kowanne kilowat 275, wannan wata duniya ce daban.

In babba kake so, ka yi dabarar da masu bincike na Oak Ridge a Amurka suka yi, su mazubin suka buga da firinta sannan aka zuba faiba gilas a ciki aka fitar da farfela mai mita 13. Kai ma za ka iya buga mazubi gunduwa-gunduwa ka manne su, kuma a nan PLA mai arahar ta wadatar tunda ba ita za ta sha rana ba. Mai wannan niyya Ender 3 ta ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi maganaɗisu da wayar kwafa da boris mai kyau na janaretan.