Siramik ko fosilin, wane tayil ya dace da gida a Sakkwato?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki sa a sabon gidanki na Mabera, siramik ko fosilin, tunda mai tayil ya ce miki duk ɗaya ne kuɗi kawai sunka bambanta. Gaskiya ba ɗaya ba ne.

Fosilin ana gasa shi da wuta mai ƙarfi, wajen digiri 1200, shi ya sa yake da nauyi da tauri kuma ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Siramik wutarsa ba ta kai haka ba, ya fi shan ruwa, ya fi sauƙin yanka, ya fi araha. In kin je shago ki juya bayan tayil ɗin ki ɗiga ruwa, in ya tsotse nan take siramik ne, in ruwan ya tsaya fosilin ne, kada sheƙin fuska ya ruɗe ki.

A falo da baranda ni fosilin zan ce, saboda ƙurar hunturu da yashin da takalma ke kwasowa su ke cin fuskar tayil a hankali, kuma siramik in bakinsa ya ɓantare jan cikinsa na fitowa fili. Ɗakunan kwana kuwa siramik ya isa, ba a yawan taka su. Banɗaki da wurin alwala kowanne kinka zaɓa ya zama mai kaushi, don Allah banda mai sheƙi, santsinsa na kada tsofaffi da yara.

Amma inda aka fi yin asara wurin sawa ne. Siramik ana jiƙa shi a ruwa sannan a ɗora kan siminti da yashi, ya kama lafiya lau. Fosilin tunda ba ya shan ruwa siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, gam ɗin tayil yake so, a shafe ƙasan duka ba wai a ɗiga a kusurwa huɗu ba, in ba haka ba nan gaba ki ƙwanƙwasa ki ji yana amsawa kamar ganga. Ga kuma zafin garin nan, a watan Afrilu ana wuce digiri 40, tayil na buɗewa, in anka manne su babu tazara sai su turo juna su tashi. Ki sa mai sa tayil ɗin ya bar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu, da ɗan fili a jikin bango. In kuɗin gam zai yi miki nauyi, wallahi gara siramik da anka sa da kyau.

Wurin saye, kwalin tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne, murabba'in mita 1.44, ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ki duba lambar kwalayen ta zo ɗaya don kala na ɗan bambanta. Ki ajiye kwali ɗaya ko biyu a sito, ranar da guda ya fashe a kankare farin simintin gefensa a cire shi kaɗai a mai da wani.

Wanki kuma duka biyun a fara share yashi tukuna, sannan mofa da ruwa da ɗan sabulu. Ruwan asid ɗin nan da ake wanke tayil da shi yana cinye farin siminti, kada ki bari a zuba miki shi.