Sharhi: Bach a bakin mawaƙan Japan, faifan da ya cancanci kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa shiga kwayar coci a Jos ko Kaduna ya san Halleluya ta Handel, wadda ake rera ta da ƙarfi har tagogi su ɗauki kaɗawa. Johann Sebastian Bach, shi ma mai tsara waƙoƙi, tsaransa ne, duka an haife su a Jamus a 1685, amma waƙarsa ta shan azabar Almasihu, Matthäus-Passion, wata duniya ce dabam. Faifan da na saya shi ne wanda ƙungiyar Bach Collegium Japan ta naɗa a 1999 a birnin Kobe, ƙarƙashin jagorancin Masaaki Suzuki, kamfanin BIS na ƙasar Suwidin ya fitar a CD uku. Kuma tun yanzu in faɗa: ban yi asarar kuɗina ba.

Bach ya tsara waƙar ne domin sujadar Jumma'ar da aka gicciye Yesu, a cocin Thomas da ke Leipzig, inda ya kama aikin shugaban mawaƙa a 1723. Labarin shi ne Matiyu sura 26 da 27, a fassarar Jamusanci ta Luther. Mutum ɗaya ke ba da labarin daga farko har ƙarshe, wasu na rera maganganun mutanen da ke cikinsa, sai a tsaya nan da can wani mawaƙi ya yi bimbini a kan abin da ya faru, ko kwaya ta ɗauki waƙar sujada da jama'ar wancan zamani suka haddace.

Abin da ya fi burge ni a wannan faifai shi ne yadda ake jin kowace kalma. Gerd Türk, mai ba da labarin, ba ya ƙawata murya don a yaba masa. Yana tafiya da nassin kamar dattijon da ke ba da labarin rasuwar da aka yi a gabansa, wani wurin ya yi sauri, wani wurin numfashi ya tsaya masa. Ban jin Jamusanci, don haka na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefe ina bi aya aya, kuma ban ɓata ba. Da ya kai inda zakara ya yi cara, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, Türk ya ja muryarsa sama can, siririya, ya sake ta tana gangarowa a hankali. Daga nan goge guda ɗaya ya shigo, sauran masu goge suna rakiya ƙasa-ƙasa, sai Robin Blaze ya fara roƙon jinƙai, waƙar da ake kira Erbarme dich. Namiji ne mai rera sashin alto, muryar da aka fi sani da mata. A zamanin Bach mata ba sa waƙa a cocin Leipzig, yara maza da manya ke ɗaukar duk sassan, Suzuki ma namiji ya ba wannan wuri, ko da yake a sofrano, muryar da ta fi sama, mata ya sa.

Akwai wata dabara ta Bach da wannan naɗi ya fito da ita fili. Duk sa'ad da Yesu zai yi magana, masu goge na riƙe dogon amo mai taushi kewaye da muryarsa, sauran mutanen labarin kuwa ba su da wannan. Peter Kooij ne ke rera Yesu, da murya mai nauyi marar hayaniya. Sai a kan gicciye, wurin da ya yi kira "Eli, Eli", gogen suka yi tsit, aka bar shi shi kaɗai. Na san da wannan tun kafin in saurara, amma duk da haka sai da jikina ya yi sanyi.

Kayan kiɗan irin na zamanin Bach ne, tsirkiyar hanji ba ta ƙarfe ba, kuma an ɗaure su ƙasa kaɗan da yadda ake ɗaurewa yau. Amon bai da ƙyalli sosai, amma ba ya danne mawaƙa. Wanda ya saba da tsohon naɗin da Otto Klemperer ya jagoranta a farkon shekarun 1960, mai katafariyar kwaya da tafiyar hawainiya, wanda ya haura awa uku da rabi, zai ga Suzuki na sauri, don shi bai kai awa uku ba. Ni dai na fi yarda da Suzuki, domin labarin ba ya tsinkewa a hannunsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen taron jama'a. Lokacin da Bilatus ya tambaye su wa zai saki suka ce Barabbas, da inda suke ihun a gicciye shi, kwayar ta cika tsabta da ladabi. Mutanen da ke neman jinin wani ba haka suke ba. Na so in ji kaushi, in ji tsoro. Haka kuma a Erbarme dich, duk da kyawun muryar Blaze, akwai ɗumin da Christa Ludwig ta ba waƙar a naɗin Klemperer wanda nake kewa.

Kada a saurare shi ta lasifikar waya. Bach ya raba mawaƙa da makaɗa gida biyu, kuma a waƙar buɗewa ɓangare ɗaya na kira, ɗayan na jefa tambaya, ga wata waƙar sujada tana shawagi a samansu. A waya duk wannan cakuɗewa yake yi. Da abin sawa a kunne mai kyau za ka ji su hagu da dama suna amsa wa juna.

Suzuki, wanda shi kansa Kirista ne ɗan Kobe kuma ya yi karatun kiɗa wajen Ton Koopman a Amsterdam, ya sake naɗar waƙar a 2019, har sabon ya ci kyautar mujallar Gramophone a 2020. Don haka mai saye ya duba sunayen mawaƙa a bangon faifan: in ya ga Türk da Kooij da Blaze, to wannan ne nake magana a kai.