Shafin SWPC na hasashen guguwar rana: gwani ne kan abin da ke faruwa yanzu, amma na gobe sai a yi hattara

Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya, SWPC, ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi, da ke Boulder a jihar Kolorado ta Amurka, ita ce mafi yawan masu sa ido kan rana suke dogaro da ita. Shafinta kyauta ne, haka ma saƙonnin gargaɗi da take turawa ta imel ga duk wanda ya yi rajista.

Da ka buɗe za ka ga ma'aunai uku, R da S da G, kowanne daga 1 zuwa 5. R na nuna ɗaukewar siginar rediyo, S kuma ƙwayoyin raɗi masu ƙarfi da rana ke harbowa. G na nuna yadda guguwar ta girgiza maganaɗisun duniya, kuma ya rataya ne a kan ma'aunin Kp, lambar ƙarfin wannan girgizar, mai tashi daga 0 zuwa 9 da ake lissafawa duk bayan awa uku. Kp 5 shi ne G1, Kp 9 kuwa G5, irin wanda aka gani ranar 10 ga Mayun 2024, karon farko tun 2003. Kada a raina G1: a Fabrairun 2022 ƙaramar guguwa ta kumbura iskar sama har Starlink, mai samar da intanet daga sararin samaniya, ya rasa kusan taurarin ɗan'adam 40 cikin 49 da ya harba.

Inda shafin ya yi zarra shi ne ma'aunin R. Hasken fashewar rana minti takwas kacal yake yi ya iso, taurarin ɗan'adam na NOAA da ake kira GOES kuma suna nuna shi nan take. Idan rediyon gajeren zango ya ɗauke da tsakar rana, duba taswirar D-RAP, wadda ke nuna wuraren da sararin sama ke haɗiye siginar rediyo. In Afirka ta yi ja, rediyonka lafiyarsa ƙalau, jira kawai za ka yi. A tuna agogon shafin na UTC ne, wato agogon GMT, mai Kano ko Damagaram sai ya ƙara awa ɗaya.

Hasashen ne ke da rauni. Curin iskar da rana ke watsowa yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya, manhajar WSA-Enlil da ke hasashen tafiyarsa kuma takan yi kuskuren lokacin isowa da kusan awa goma. Ƙarfin bugun ma ya dogara ne da inda maganaɗisun curin ya fuskanta, abin da suke kira Bz. In ya juya kudu ya daɗe, guguwa ta kankama. In arewa, sai ta wuce salin-alin. Ba a sanin wannan sai curin ya iso wurin taurarin da ke gadi kilomita miliyan 1.5 daga duniya, wato gargaɗin minti 15 zuwa 60 ke nan.

Akwai kuma giɓin da ya shafe mu kai tsaye. Tashoshin da ake haɗa Kp da su suna nesa da layin da ya raba duniya gida biyu (ikwaita), mu kuwa muna dab da layin tsakiya na maganaɗisu. A nan sararin sama yakan rikice bayan magariba, musamman wajajen Maris da Oktoba, siginar GPS ta riƙa rawa alhali Kp na kwance a 2. Mai awon fili da ke neman daidaiton santimita kada ya ga kore a shafin ya saki jiki, gara ya gama aikinsa da hantsi. Taswirar hasken sama mai launi da ta cika fuskar shafin kuwa ta mutanen Kanada da Norwe ce, a wuce ta.