Yadda Na Ga Aikin Wani Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Gusau Kan Cutar Anoreksiya

Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Gusau ne ya karɓi 'yar yayata, budurwa 'yar shekara 16, bayan ta rame har al'adarta ta ɗauke, dangi kuma sun gama yanke hukuncin cewa sammu ne. Abin da ya fara burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar sa wa ciwon suna ba. Sai da aka yi gwajin tarin fuka da ciwon sukari da ƙanjamau, duk ba a ga komai ba, sannan ya zauna da ita su biyu, ya gano cewa tsananin tsoron ƙiba ne ke sa ta fakewa da azumin nafila, tana juye tuwonta a kwanon almajirai. Wannan ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba shi ne cutar da ake kira anoreksiya.

Hanyar da suka bi ita ce wadda ta samo asali daga asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ke riƙe ragamar ciyarwa har jiki ya dawo, kuma ita ta fi amfani ga matasa. Likitan ya ce wa yayata: "Hajiya, abinci shi ne maganin, kuma hannunki ne zai bayar da shi." An fara da kunun gyaɗa da ƙwai da nono kaɗan-kaɗan, domin ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci lokaci guda yana iya zubar da sinadarin fosfet na jini, har zuciya ta tsaya. Idan za a auna nauyin yarinyar, sai ta hau sikeli ta juya wa lambobin baya, dabarar da na yaba ƙwarai.

Sun kuma faɗa mana gaskiya: babu ƙwayar da ke warkar da wannan cuta, sai dai olanzapine kan taimaka wa wasu su ɗan ƙara nauyi. Kusan rabin masu ita ne ke warkewa sarai, wasu su samu sauƙi, wasu ta zame musu ciwon shekaru, kuma kama ta da wuri yana ƙara dama.

Inda suka gaza shi ne babu masanin abinci da ke zama da iyali, gwajin fosfet kuwa sai an fita waje an biya, ga doguwar jira a ranar ganin likita, wadda za ta fi wahalar da mai tasowa daga Anka ko Shinkafi a halin da hanyoyinmu ke ciki. Duk da haka, yarinyar ta koma makaranta, kuma har yanzu suna bibiyarta, domin cutar tana iya dawowa.