Akwatin motar Arduino mai taya biyu a ajin injiniya

Akwatin da ake sayarwa da sunan 2WD Smart Car yawanci yana zuwa da allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni ta sarrafa motar), injinan taya biyu, allon L298N mai tuƙa su, na'urar auna tazara HC-SR04 da gidan batir AA huɗu. Ga malamin da ke bin ra'ayin masanin koyo Vygotsky, wato ɗalibi ya gina fahimtarsa ta hanyar muhawara da 'yan rukuninsa da ɗan tallafin wanda ya fi shi sani, kayan sun yi. Abin mamaki, aibinsu ne ya fi koyarwa.

Ɗauki batun wuta. Batir huɗu volt 6 ne, L298N kuma yakan cinye kusan volt 2 kafin wuta ta isa inji. Sai motar ta yi ta ƙugi ba ta motsa ba, ko allon Arduino ya mutu ya farfaɗo duk lokacin da tayoyi suka tashi. Kada malami ya yi saurin faɗin dalili. Ya miƙa mitar auna volt, rukuni su auna kafin L298N da bayansa, su yi gardama a kan abin da suka gani. Maganin shi ne batir mai caji samfurin 18650 guda biyu, volt 7.4, a kuma haɗa GND, wato layin negatif, na allunan biyu. Haka nan injinan ba sa gudu daidai, motar kan karkace. A nan ne maganar PWM, wato daidaita gudun inji ta hanyar kunna wuta da kashe ta cikin sauri, ke shiga kai.

Matsalar da kayan ba sa warwarewa ita ce kwamfuta ɗaya, hannu ɗaya. In an yi sake, gwanin rukuni ya rubuta komai, saura su zama 'yan kallo. Mutum uku ga akwati ya isa: mai haɗa waya, mai rubuta umarni, mai aunawa da rubuta sakamako, ana musayar aiki kowane zama. Wanda zai yi wa aji bayani kuwa malami ne zai zaɓe shi, ba rukuni ba.

Wayoyin da ke ciki ba su da ƙwari, na inji kuma sai an liƙe su da dalma. Allunan Arduino na kwaikwayo da yawa na ɗauke da CH340, guntun da ke haɗa allo da kwamfuta ta USB, don haka a saka direbansa, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, a kwamfutoci tun kafin ranar aji. Ga 'yan shekarar farko da ta biyu akwatin ya cancanci kuɗinsa; aikin kammala digiri kam, SRAM ɗin Uno, ma'ajiyar da yake aiki da ita, mai 2 KB kacal, zai takura.