Zenodo ko Dryad: ina ya kamata mai bincike ya ajiye bayanansa?

Zenodo rumbun ajiyar bayanan bincike ne a intanet da cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba ta buɗe a 2013, kuma kyauta yake karɓar kusan kowane irin abu, daga alƙaluman gwaji har manhajar da aka yi lissafi da ita, da iyakar gigabait 50 ga kowace ajiya. Mai bayanan ne yake zaɓar lasisi, yana kuma iya kulle su sai wanda ya nemi izini.

Dryad kuwa, wanda ya samo asali daga masu nazarin halittu a Amurka, yana karɓar kuɗi, sai dai idan jami'a ko mujalla ta ɗauki nauyin biya. Abin da kuɗin yake saya shi ne idon mutum: ma'aikaci zai buɗe fayil ɗin, idan ya tarar da jerin lambobi babu bayanin ko milimita ne ko santimita, ya mayar wa mai shi ya gyara. Sharaɗinsa mai tsauri ne, domin dole a saki bayanan ƙarƙashin lasisin CC0, wato kowa ya ɗauka ba tare da neman izini ba.

Dukansu suna bayar da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano bayanan da ita a intanet. A ganina, ɗalibin da ba shi da tallafi Zenodo ya fi masa.